Gonakin da ke Ƙarƙashin Kacala

Duk amaryar da aka yi bikinta a Haɗeja cikin 'yan shekarun nan, in dai Abdulmannan ne ya ɗauki bidiyon, to za ta fito fiye da yadda Allah ya yi ta haske. Ba wai maƙaryaci ba ne, hannunsa ne kawai ba ya iya barin abu yadda ya same shi. Kwatar bakin ƙofa sai ta ɓace, katangar da ta tsage ta koma bayan labule, kawun ango mai haƙori ɗaya kuwa ba za ka taɓa ganinsa yana dariya ba. Mutane suna son haka, shi ma yana so. Ba shi da shago, ba shi da ubangida. Jarinsa kyamara ce da kwamfuta da wani ɗan jirgi mai tashi sama ya ɗauko hoto, sai lambar wayarsa da ke yawo a hannun ƙawayen amare. Wanda duk ya kira shi, shi ne maigidansa na wannan makon.

Sai dai biki ya ishe shi. Ya gaji da rawar ƙawaye, ya gaji da uwar amarya mai cewa a cire wance daga hoto domin ba sa ga maciji. Burinsa ya yi aikin da za a kalla a wani wuri da ba falon surukai ba. Shi ya sa ranar da Malama Rifkatu ta kira shi, ko hula bai tsaya ɗauka ba.

Iyayen Malama Rifkatu mutanen kudancin Kaduna ne, amma a nan Haɗeja aka haife ta, a nan ta yi shekaru tana koyarwa a firamare, kuma kunnen Abdulmannan na cikin kunnuwan da ta ja. Da ta ajiye alli sai ta kama aiki da wata ƙaramar ƙungiya mai taimakon manoman fadama. Ta zaunar da shi ta yi masa bayani. Akwai wani ƙauye can cikin fadamar Kirikasamma, ana ce masa Zangon Kaba, inda kacala ta cinye hanyar ruwa. Kacala ciyawar ruwa ce da ta fi mutum tsawo, in ta kama wuri ba ta saki. Ta toshe mashigin da ke raba ruwan kogi, sai ruwa ya kwanta a kan gonakin da ba sa buƙatarsa, ya kasa isa ga waɗanda ke jiransa. Za a yi taro a Dutse da masu ba da tallafi, a can za a zaɓi ƙauyukan da za a kai wa injin yankan ciyawar, ita kuma an ba ta 'yan mintoci ta yi magana.

"Ba surutuna nake so su ji ba," in ji ta. "So nake su ga wurin da idonsu. In bidiyonka ya yi, Zangon Kaba sun dace. In bai yi ba, sai su ƙara wata shekarar a haka."

Abdulmannan ya hau babur ya tafi, ya yi aiki haiƙan, ya dawo ya zauna gaban kwamfuta har idonsa ya yi ja. Ranar da ya kawo mata aikin, sabuwar shadda ya sa.

Bidiyon daga sama ya fara. Ga ruwa shimfiɗe yana ƙyalli har iyakar gani, ga kacala kore shar kamar sabuwar darduma, balbelu suna tashi fari fat a kanta, wani sanyayyen kiɗa na bi a hankali. Sai aka sauko cikin gari. Labari ya riga mai hoto isa, saboda haka an share Zangon Kaba tas, har ƙofar masallaci an yayyafa ruwa. Maza sun ciro rigunan sallah daga akwati, atamfofin mata ko karin ninkinsu bai baje ba. Ga Baba Shu'ibu, sarkin noman garin, zaune kan sabuwar tabarma da rawani.

"Baba, yaya noma?" muryar Abdulmannan ta tambaya daga bayan kyamara.

"Alhamdu lillahi, sai godiya."

"Yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

"Kacala fa?"

"To, ita ma halittar Allah ce."

Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa na murmushi, kowa na godiya. Malama Rifkatu ta kalla har ƙarshe, tabarau a kan karan hanci.

"Abdulmannan, ya yi kyau."

"Na gode, Malama."

"Ba zan karɓa ba."

Ya yi zaton bai ji daidai ba, har ya ɗan yi dariya.

"Ni kaina da na kalla," ta ce, "ji na yi kamar in tattara kayana in koma can da zama. Wa zai ba mutanen nan inji? Sai dai a je a roƙe su ɗakin kwana."

"Malama, ai ba ni na sa musu magana a baki ba. Haka suka faɗa."

"To me kake so su faɗa? Tun da aka haife ka, ka taɓa jin an ce wa mutum yaya gajiya ya ce akwai ta? Ka je ka gaishe su, sun amsa, ka dawo min da gaisuwa. Ni ba gaisuwa na aike ka ba." Ta rufe masa kwamfutar da yatsa ɗaya. "Akwai sauran lokaci kafin taron, amma ba yawa. In za ka iya ka sake, in ba za ka iya ba ka gaya min tun yanzu in nemi wani."

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ba a taɓa dawo masa da aiki ba, sai dai a ce ya ƙara wa amarya haske. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, a duk abin da ya taɓa ɗauka babu wanda ya kai wannan kyau, kuma kyan ne aka ce laifinsa. Ya wuni yana jero wa kansa amsoshin da ya kamata ya ba ta, kowace ta fi 'yar'uwarta zafi, sai dai duk sun zo bayan ya bar ofishin. Daga ƙarshe ya yanke shawara irin ta mai fushi: tunda wahala take so, zai kawo mata wahala har ta ce ya isa.

Ya sake hawa babur cikin zafin rana, ya bi titin har ya ƙare, ya bi yashi, ya isa Zangon Kaba bayan azahar. Baba Shu'ibu na zaure yana tufkar igiyar kaba. Aka gaisa, matarsa Iya Aisa ta miƙo kwanon kunu ta bayan zana. Abdulmannan ya sha, sannan ya shimfiɗa dabararsa. A wannan karon kowa ya sa tsofaffin kaya. A buɗe rumbu a nuna babu komai ciki. Mata su zauna su yi tagumi. Shi kuma Baba ya dubi kyamara ya ce yunwa za ta kashe su.

Tsohon bai daina tufka ba.

"Yaro, 'ya'yanmu mata suna aure a Birniwa, suna aure a Nguru. So kake surukaina su buɗe waya su gan ni cikin tsumma ina kuka? Sannan ƙarar wa zan kai? Wanda ya saukar da ruwan, shi ya tsirar da ciyawar."

"Baba, don a taimake ku ne."

"Rumbuna ba ya buɗuwa don baƙo," muryar Iya Aisa ta fito daga bayan zana. "Ka shanye kununka, ɗan nan, Allah ya kai ka gida lafiya."

Kunya ta rufe Abdulmannan. Ya dubi kwanon da ke hannunsa, sai a lokacin ya lura da yadda kunun ya tsinke, gero kaɗan ne aka ja shi da ruwa don ya cika kwano. Ya rasa inda zai sa idonsa. Can dai Baba Shu'ibu ya ajiye igiyar, da alama ya ji tausayinsa.

"Gobe muna da gayya a mashigi, duk garin za mu fita yankan ciyawa. In kana so ka kwana nan zaure, ka bi mu. Amma ka bar wancan tsuntsun naka mai ƙara a gida. Kuma kada ka tambayi kowa komai."

Washegari bayan an idar da sallar asuba aka haɗa shi da wani masunci mai suna Rilwanu, mutum mai faɗin ƙirji da furfura jefi-jefi. Abdulmannan ya zauna a tsakiyar kwalekwale rungume da kyamara, Rilwanu ya tsaya a baya yana turawa da doguwar gora. Suka bar gaɓa, suka nufi wata 'yar kafa a jikin ciyawar, suka shige.

Abin da ya gani daga sama kamar darduma, ashe gari ne mai katanga. Kacala ta tashi dama da hagu, ta haɗe a samansu, haske ya koma kore-kore. Iska ta ɗauke. Warin ruɓaɓɓen ganye ya cika hanci, sauro ya yi musu caa, ganyen na kartar gefen kwalekwale yana shafar fuska. Abdulmannan, wanda aka haifa 'yar tafiya kaɗan daga nan, ya ji kamar an shigo da shi wata ƙasa. Sun yi nisa a haka sai wata ƙara ta taso daga cikin ciyawar, kamar ana zazzage buhunan hatsi a kan kwano. Ya ɗaga kai. Tsuntsayen jan baki ne suka tashi daga makwancinsu, dubbai a kan dubbai, suka rufe ɗan sararin da ya rage har wurin ya yi duhu, suka karkata gaba ɗaya kamar abu guda, suka wuce.

"Subhanallahi," ya ce, bai ma san ya faɗa ba.

"Gonakin tudu suka nufa," in ji Rilwanu. "A nan suke kwana, a can suke karin kumallo."

Sai kuma katangar ta buɗe ba zato, suka fito wani fili na ruwa. Rana ta fara ɗagowa. Furannin bado sun buɗe farare a ko'ina, agwagin dinya na iyo garke-garke, kirinjijiya na shawagi suna fito, wani zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya ko kallonsu bai yi ba. Can nesa gauraka biyu na taku cikin ruwa a natse. Tsigar jikin Abdulmannan ta tashi. Ya ɗaga kyamara, ya sauke, ya sake ɗagawa. Girman wurin ya fi ƙarfin gilashinta, kuma ya san haka.

"Nan duk da kake gani gonakin shinkafa ne," Rilwanu ya ce, ba tare da an tambaye shi ba. "Yanzu haka a kan gonar kakana muke tafiya."

Abdulmannan ya leƙa ruwan. Bai ga komai ba sai fuskarsa.

A bakin mashigin suka tarar da mutanen gari, wasu a kwalekwale, wasu kwance a kan manyan gorunan kamun kifi suna iyo da su. Babu rigar sallah ko ɗaya. Gajeren wando ne da lauje, sai tsumma ɗaure a ka. Abdulmannan ya lura ba su kai yawan da ya zata ba, kuma masu furfura sun fi yawa. Baba Shu'ibu na zaune a gaban wani kwalekwale cikin farar taguwa, domin shekarunsa sun wuce na shiga ruwa, nasa sa ido ne da addu'a. Mashigin kansa kuwa babu shi. Ciyawa ce kawai cunkus, ba ka cewa ruwa ya taɓa gudu a nan.

Abdulmannan ya zaci za a jeru ne a fara yanka daga gefe. Sai ya ga kowa ya tsaya cik, mai shelar gari ya miƙe a kan kwalekwale ya sa hannu a kunne. Rilwanu ya sunkuyo ya yi masa bayani ƙasa-ƙasa. A Zangon Kaba ba a raba aikin mashigi da igiyar awo. Tun kakanni, kowa yana gyara daidai inda ruwan ya bi ta gefen gonarsa. Gonakin sun nutse tun shekaru, ciyawa ta rufe su, amma ba a canja ba. Kowa ya san iyakarsa, da kututturen giginyar can, da kukar da ake hangowa, da zurfin da gora ke nunawa. Ana kiran gona, mai ita ya amsa ya shiga.

"Gonar Malam Abdulwahid!"

"Ga ni!" Wani dattijo ya zame daga kan goransa, ruwa ya kawo masa ƙirji, ya nufi wani wuri a jikin ciyawar kai tsaye kamar an shata masa.

"Gonar Mustafa na Iya!"

"Yana Kano yana tura kurar ruwa," wani ya amsa daga baya. "Na ɗauke masa."

Abdulmannan ya kunna kyamara. Bai san dalili ba, hannunsa ne ya riga shi.

Mai shela ya ci gaba, muryarsa na tafiya a kan ruwa tana dawowa. A kira gona, a ce ga ni. A kira ta gaba, a ce yana Legas, na ɗauke masa. Ta gaba, ya rasu, 'ya'yansa suna Fatakwal, na ɗauke musu. Ta gaba ma haka. Wani mutum siriri sai da ya amsa wa gona huɗu ban da tasa. Babu wanda ya yi tsaki, babu wanda ya sassauta murya don a ji tausayinsa. Faɗar inda mutum yake kawai ake yi, kamar yadda ake faɗar ranar kasuwa. Amma Abdulmannan ya gane cewa a gabansa ake lissafa garin da ya watse, kuma duk wanda ya tafi har yanzu yana da wurinsa a cikin ruwan nan.

"Gayaunar Ahmed na Sarkin Noma!"

Shiru. Sai kukan kirinjijiya daga nesa.

Mai shela ya sake kira, ya ƙara ƙarfi. Maza suka sunkuyar da kai.

"Ɗan farin Baba ne," Rilwanu ya raɗa. "Ɗan yankin da ya yanka masa daga gonar gida ke nan. Da ruwa ya cinye, sai ya tafi neman kuɗi, an ce ya bi motar Agadas. Tun daga nan ko waya. Ɗan ƙanin Baba ne ke ɗauke masa, to shi ma bana ya tafi. Ka ga ba a amsawa sai an faɗi inda mutum yake, wa ya san inda yake?"

Mai shela ya buɗe baki zai wuce gona ta gaba, sai ya fasa. Baba Shu'ibu ne ya miƙe. Ya cire hularsa ya ajiye, ya tuɓe taguwar ya ninke ta a hankali, ya miƙa hannu aka ba shi lauje. Wani ya ce, "Haba Baba," wani ya ce, "Bari ni in shiga." Ko waiwaye bai yi ba. Bai ce na ɗauke masa ba, bai ambaci suna ba, domin a wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa. Ya dafa gefen kwalekwale, haƙarƙarinsa duk a waje, ya sauka, ruwa ya kawo masa wuya.

Kacala ba a yanka ta daga sama. Sai an nutsa an datse ta can ƙarƙashi, yadda ruwa zai shiga kututturen ya ruɓar da shi, in ba haka ba kafin mako ta sake tofowa. Tsohon ya ja numfashi ya nutse. Ruwan ya rufe. Abdulmannan ya riƙe nasa numfashin har ya kasa, tsohon bai fito ba. Sai ga ciyawar ta girgiza, wani dami ya kwanta, furfurar kansa ta ɓullo. Ya tura damin gefe. Fuskarsa na kallon kyamara sosai amma ba ita yake gani ba. Kuka yake yi, babu sauti, bakinsa a rufe gam. Ya share fuska da bayan hannun da ke riƙe da lauje, ya sake nutsewa.

Ba wanda ya ba da umarni. Maza suka riƙa barin wurarensu ɗaya-ɗaya suna matsowa, har suka kewaye shi, kowa ya juya masa baya kamar bai gani ba, suna yanka ta kowane gefe don nasa rabon ya ragu. Daga nan aiki ya kankama. Kawuna na nutsewa suna ɓullowa, lauje na walƙiya, damuna na taruwa ana jan su da igiya zuwa gefe. Wani ya fito da matsattsaku manne a cinya, ya ɓamɓare ya jefar, jini na zuba ya koma. Wani ya ɗauko waƙar aiki, saura suka amsa da abin da ya rage musu na numfashi. Abdulmannan bai taɓa ganin mutane suna aiki haka ba, kuma ya ji kansa ƙarami ƙwarai a cikin kwalekwalen nan.

Rana ta karkata kafin na wannan gefe su haɗu da na wancan. Aka ja damin ƙarshe, kowa ya tsaya yana haki. Da farko babu abin da ya faru. Sai wani ganyen bado da ya tsinke ya motsa, ya juya, ya kama tafiya a hankali ta tsakiyar hanyar da aka buɗe. Ruwa ya soma gudu. Kabbara ta tashi gaba ɗaya, har tsuntsaye suka watse. Hanyar ba ta fi faɗin kwalekwale ɗaya ba.

"Kafin baɗi ta rufe," in ji Rilwanu yana matse tsummar kansa. "Sai mu dawo."

A gida Abdulmannan ya zauna gaban kwamfuta, hannunsa na ƙaiƙayi. Nan haske ya yi yawa, nan kwalekwale ya girgiza hoton, nan wani ya yi kaki ya tofar. Ya kai hannu zai gyara, ya janye. Bai sa kiɗa ba, bai sa muryarsa ba, bai sa hoto ko ɗaya daga sama ba. Ya bar shigar cikin ciyawa, da kiran gonaki, da amsoshin, da tsohon, da ganyen badon. Wannan ne aikin da ya fi ba shi wuya tun da ya fara riƙe kyamara, alhali kusan bai gyara komai a cikinsa ba.

Malama Rifkatu ta zauna ta kalla. Da aka zo wurin shirun nan bayan an kira Ahmed, sai ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Bidiyon ya ƙare, ta daɗe tana kallon baƙin allon.

"Na sha zuwa garin nan," ta ce a hankali, "ban taɓa sanin haka suke yi ba. Wannan ne, Abdulmannan. Tura min."

Abin da ya daɗe yana son ji ke nan, kuma ya ji daɗinsa har cikin ƙashi. Amma ya ce, "Da saura, Malama. Baba Shu'ibu bai gani ba. Bai san na ɗauke shi a haka ba."

"In ya ce a cire fa?"

"Sai in cire."

"Ka san in ka cire wurin nan, rabin ƙarfinsa ya tafi? Ƙauyuka da yawa ne za su nema, injin kuma ba zai isa kowa ba."

"Na sani, Malama."

Ta dube shi ta saman hanci kamar yadda take yi a aji.

"To tashi ka tafi, rana na yi."

Ya same su bayan la'asar. Ya ajiye kwamfutar a kan tabarma a zaure, Baba Shu'ibu ya kira Iya Aisa ta zo ta tsuguna daga bakin ƙofa. Abdulmannan ya kunna, ya koma gefe. Tsohon ya kalli shigar cikin ciyawa yana gyaɗa kai. Ya kalli kiran gonaki, leɓensa na bin sunayen. Da mai shela ya kira gayaunar, Iya Aisa ta ja mayafi ta rufe fuska. Shi kuwa bai kawar da ido ba. Ya kalli kansa yana tuɓe taguwa, ya kalli kansa yana nutsewa, ya kalli fuskarsa da ta cika allon.

"Tsayar da shi nan."

Abdulmannan ya tsayar. "Baba, ban nemi izininka ba, ka yafe min. In ka ce a cire, yanzu a gabanka zan cire."

"Wannan abin, ina da ina zai je?"

"Dutse za a fara kai shi. Bayan nan ƙungiyar za ta sa shi a waya, kowa na iya gani." Gara ya faɗi gaskiya, ko da ita ce za ta kashe aikin.

"Har Kano?"

"Har Kano."

"Har Agadas? Har gaba da can, bayan hamada?"

"Duk inda waya take, Baba."

Tsohon ya ƙura wa allon ido. Daga bakin ƙofa ana jin numfashin Iya Aisa a cikin mayafi. Abdulmannan ya ɗora yatsa a kan madannin, yana jira.

"Bar shi," in ji Baba Shu'ibu. "Kada ka cire komai." Ya matso, ya nuna allon da ɗan yatsansa mai sabon yankan ciyawa. "Abu ɗaya za ka gyara min. Wurin da mai shela ya yi kira, muryar ta yi nisa. Ka ƙara mata ƙarfi, yadda wancan zai ji an kira shi."